Ka Ɗaura Don Mai Kwancewa

Ɗana, ina yi maka barka da kammala aikin ruwan da aka damƙa maka a ƙasar Pauwa. Na bi ta wurin, na ga tanki a sama, na ga faya-fayan sola sun zauna daidai, na ga yara suna tarar ruwa a famfo. Waldarka ta yi kyau, babu ƙuraje, babu rami. Duk wanda ya ce ba ka iya aiki ba, hassada ce ke damunsa. Sai dai da na leƙa ramin bawul, na kuma tsaya ƙarƙashin tankin na ɗaga kai, na ga abubuwan da bai kamata in yi shiru a kansu ba. Ban faɗa maka a wurin ba, domin ba a yi wa maigida gyara a gaban yaransa. Shi ya sa na zauna na rubuto maka. Ka karanta da sanyin rai, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maganar a kan ƙusoshin filanji ce, faya-fayan ƙarfen nan masu huji da muke haɗa bututu da bawul ko da injin famfo. Na san abin da za ka ce a ranka: Kawu ya tsufa, ruwa na zuwa, babu ɗigo ko ɗaya, me kuma ya rage? Abin da ya rage shi ne ranar kwancewa. Ba don ita ba, da babu dalilin sayen filanji da tsadarsa, sai a bi bututun da walda tun daga bakin rijiya har famfo kowa ya huta. Duk inda aka sa filanji, an san wata rana za a buɗe wurin. Gaskit zai mutu, bawul zai daina riƙe ruwa, injin zai nemi a ciro shi. Kai ka ɗaura ne don ranar buɗe aiki, ranar da manya suka zo aka ɗauki hoto. Ni kuwa so nake ka riƙa ɗaurawa don mutumin da zai zo kwancewa.

Ka taɓa tunanin ko wane ne wannan mutumin? A Katsina ko Kano, mai gyara yana da shago kusa, in sifana ba ta shiga ba ya aika yaro ya ɗauko wata, in ƙusa ta ƙi fita ya jawo wuta ya yanke ta. A wajenmu ba haka ba ne. Mai gyaran zai taso ne daga Funtua ko Malumfashi a kan babur, da sifana biyu da guduma a cikin buhu, kuma tun kafin ya sauka hankalinsa na kan komawa. Ka san halin da hanyoyin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka shiga a shekarun nan, ba wanda ke son la'asar ta yi masa a daji. Wani lokacin ma ba gwani ne zai zo ba, wani saurayi ne daga cikin kwamitin ruwa na garin, wanda bai taɓa riƙe sifana ba sai a kan babur ɗinsa. Ka tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da namu ukun. Famfon da ya lalace a wancan lokacin, babu mai kiran wanda ya haɗa shi ya tambaye shi ta ina ake farawa. Aikin kansa ne zai nuna wa mai gyara hanya, ko ya rufe masa ita.

Gyaran sa'a guda ana yinsa a ranar. Gyaran da ya zama na yini guda kuwa, a yankinmu yakan zama gyaran da ba a yi ba. Mai gyara ya ce zai dawo da injin yanka, mako ya wuce, wata ya wuce, mata da yara su koma rafi da kududdufi, nesa da gari, inda ba ka so ƙanwarka ta je. Ga shi ƙasarmu dutse ne a ƙarƙashinta, ruwan yana cikin tsagoginsa, ba ko'ina aka haƙa ake dacewa ba. Rijiyar da Allah Ya sa ta ba da ruwa, abin takaici ne a ce ƙusa huɗu ce ta tsayar da ita.

Bari in fara da zaman hujin. Ka tsaya a gaban filanjin da ke kan kwantaccen bututu, ka dube shi kamar fuskar agogon bango. Ƙa'idar ita ce kada huji ya faɗo a ƙarfe 12 ko ƙarfe 6. Huji biyu na sama su zauna kafaɗa da kafaɗa, layin tsakiya ya ratsa tsakaninsu. Shi ya sa kusan duk filanjin da za ka saya hujinsa huɗu ne, ko takwas, ko 12, ko 16, adadin da ke rabuwa gida huɗu daidai. A mai huji huɗu, kowane huji na sama yana nesa da layin tsaye da digiri 45, a mai takwas digiri 22.5, a mai 12 digiri 15. Masu ƙera bawul da famfo da mitar ruwa haka suke huda kayansu, ko sun bi ma'aunin Amurka na ASME B16.5 ko na Turai na EN 1092-1. Sun ɗauka kai ma haka za ka yi.

Kai kuwa ka manna filanjin inci 2 da huji ɗaya a can sama. Shi ya sa bawul ɗin ya karkace da digiri 45, hannunsa na sunkuyar da kai wajen bango, mai buɗewa sai ya goge bayan hannunsa da siminti. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi damuna shi ne bawul ɗin da ke hana ruwa komawa rijiya. Marfin da ke cikinsa a rataye yake, nauyinsa ne ke taimaka masa ya rufe, saboda haka dole maratayin ya kasance a sama. In ya karkace ba zai zauna daram ba, ruwan da rana ta wahala ta tura sama ya riƙa silalewa yana komawa. Mitar ruwa ma an yi ta ne fuskarta na kallon sama. Kuma wannan kuskure ba ya gyaruwa da sifana, tunda walda ta riga ta kama. Sai an yanke an sake.

Maganinsa bai wuce 'yan mintoci ba. Kafin ka ɗiga walda, ka zura ƙusa biyu masu kauri ɗaya a hujin sama, ka ɗora lebul a kansu, ka juya filanjin har kumfar ta tsaya a tsakiya. Ka duba fuskarsa da sukwaya ka tabbata bai sunkuya ba, ka ɗiga a wuri huɗu, ka sake aunawa, sannan ka zagaye. In ka yi haka za ka ci riba biyu bayan miƙewar bawul. Babu ƙusar da za ta zauna a can ƙasa inda ɗigo ke taruwa da laka, inda kuma sifana ba ta samun wurin juyawa. Sannan ƙusoshin nan biyu na ƙasa, in ka fara zura su, su ne za su tare maka gaskit in ka sako shi ta sama, ba sai ka sa yatsa tsakanin ƙarfe biyu ba. Kada ka taɓa barin yaronka ya daidaita huji da yatsa. Ƙarfe mai tsini ake sawa, domin bututu in ya motsa ba ya jiran kowa.

A kan bututun da ke tsaye, inda filanji ke kwance, babu sama babu ƙasa, sai ka zaɓi layi guda ka riƙe shi a duk aikin. A manyan wurare irin matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, zanen aiki yakan nuna layin arewa, hujin kowane filanji kwantacce ya raba ƙafa a kansa. Da haka ne gwiwar bututun da aka haɗa a wani shago take zuwa ta zauna a wurinta ba tare da gardama ba. Kai ba ka bukatar arewa, ka ɗauki layin babban bututun da ke fita gari ko gefen ƙafar tanki. Inda kuma ba ka da tabbacin yadda abu zai fuskanta, ka sa filanji mai zobe sake, irin wanda ake sawa a bayan bakin bututun roba, wanda ke juyawa har hujinsa ya dace.

Sai maganar inda kan ƙusa zai kalla da inda noti zai kalla. A nan ne na ga ka bar wa yara suka yi yadda hannu ya kai. Kafin ka zura kowace ƙusa, ka tambayi kanka abu uku: ta ina za ta fita, a ina sifana za ta juya, kuma ido zai ga notin? Ƙusa da baya take fita, ta wajen kanta. Saboda haka bayan kan ƙusa yana bukatar fili wanda ya kai tsawonta har da ɗan ƙari. A ramin bawul ɗinka kawunan ƙusoshin suna kallon bango, tsakaninsu da shi bai fi yatsa biyu ba. Na gane yadda aka yi: kun haɗa bututun a fili, magini ya zo daga baya ya tayar da bulo. Yanzu noti zai kwance lafiya, amma ƙusar ba ta da hanyar fita. Mai gyara ko ya fasa bango ko ya yanke ƙusa, kuma ko ya yanke, sabuwar ba za ta shiga ta can ba.

A jikin bawul da injin famfo, wuyan da ke bayan filanji gajere ne, cikin bawul ɗin ya tare hanya. A irin wannan wuri ƙusa ta wajen bututu take shiga, noti ya zauna a wajen bawul. In wurin ya matse ta ko'ina, ka sayi ƙusa marar kai, mai zare daga farko har ƙarshe, ka sa mata noti biyu. Ita ta kowane ɓangare tana fita. Ka kuma kula da siririn bawul ɗin nan mai faifai a ciki, wanda ake matsewa tsakanin filanji biyu da dogayen ƙusoshi. Tsawon ƙusarsa ya haɗa kaurin filanji biyu da na bawul ɗin, saboda haka filin da take bukata ya fi na sauran. Kada ka manna shi da gwiwa ko bango. Ka tuna kuma noti ake juyawa, kan ƙusa riƙe shi kawai ake yi. In hali ya yi, noti ya kalli inda mutum zai tsaya ya sami wurin jan sifana. In filin fita da filin sifana suka yi karo, ka fifita filin fita, domin notin da ke lungu ana lallaɓa shi ya kwance, amma ƙusar da bango ya tare ba ta da dabara.

A bututun tsaye, abin da muka tarar ana yi shi ne kai a sama, noti a ƙasa. Dalilin shi ne girgizar inji tana sassauta noti, in ya faɗi ƙusar na nan a hujinta tana riƙe da filanji kada ya goce, kuma kan ƙusa da washa suna kare zaren daga ruwan sama. Akwai ma'aikata na ƙwarai da suka fi son noti a sama, suna cewa ya fi sauƙin ɗaurewa da dubawa. Ba na jayayya da su, kowa da hujjarsa. Amma ba a bin ƙa'ida ido rufe. A ƙarƙashin tankinka ka bi ta kai a sama, ka haɗa bakin fitar ruwa tun tankin na ƙasa, ka manta gindin tankin zai zauna a kan kawunan ƙusoshin. Yanzu ranar da gaskit ɗin nan ya mutu, ƙusar ba ta da inda za ta. A irin wannan wuri daga ƙasa ake zuro ƙusa, noti ya zauna a sama, a ƙara masa washa mai tsalle ko noti na biyu don kada ya sassauta.

Duk ɓangaren da ka zaɓa, ƙusoshin filanji guda su kalli wuri guda, kaurinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. A filanji guda na ga noti iri uku. Ƙusa M16 sifana mai lamba 24 take ci, M20 mai lamba 30, babban notin ƙusa mai kaurin 5/8 na inci kuwa wajen lamba 27. Mutumin da ya zo da 24 guda biyu ya tarar da 27 a tsakiya, ka ga ka tura shi ga guduma da kurfi, daga nan kuma kusurwoyin noti sun tafi. Tsawo ma abin lura ne. Zare biyu ko uku su leƙo bayan noti, ya isa. In ƙusa ta gaza, notin bai kama da dukan zarensa ba, yana iya zamewa. In ta yi tsawo da yawa, jelar da ta rage tsatsa za ta ci, kuma ta kan wannan tsatsar noti zai bi kafin ya fita.

Ramin bawul kansa na mai gyara ne, ba na bawul kaɗai ba. Na ga kankaren ƙasa ya taso har ya taɓa gindin filanji. Ta ina hannu zai shiga? Ka bar fili a ƙarƙashi wanda hannu da sifana za su wuce, ka bar wani a gefe wanda mutum zai tsuguna. Hanya mafi sauƙi ita ce kafin magini ya sa bulo na farko, ka miƙa masa sifana ka ce ya juya kowane noti. Inda gwiwar hannunsa ta kai, daga nan bango zai fara. Bututun da ya ratsa bango kuma ya fito da tsawon ƙusa da na tafin hannu kafin a manna masa filanji. Ka bar wa ruwa hanyar tsiyayewa a ƙasan ramin, ko da tsakuwa ce a madadin siminti a kusurwa ɗaya. Daminar kudancin Katsina ba ta wasa ba ce, ruwan da ake yi a Sabuwa da Faskari ya fi na arewacin jihar, ramin da ba shi da mafita kududdufi zai zama, ƙusoshi su kwana cikin ruwa wata da watanni.

Ka kuma yi tunanin yadda bawul zai fito bayan an zare ƙusoshi. In bututun hagu da na dama duk an binne su sun kafe, bawul ɗin a matse yake, ba ya ɗaguwa, sabon gaskit kuma ba ya shiga. Shi ya sa ake sa mahaɗi mai zamewa a gefe ɗaya, ko guntun bututu mai filanji biyu wanda za a fara cirewa. Ka sa wa bawul mai nauyi matashi a ƙarƙashinsa don kada ƙusoshi su ɗauki nauyin da ba nasu ba. In fuska biyu ba su haɗu da kansu ba, kada ka jawo su da ƙarfin noti. Bututun da aka jawo dole yana nan yana ja da baya dare da rana, kuma bakin injin famfo ne ke shan wahalar, har wata rana ya tsage.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni kunya a madadinka. A layin inci 4 da ke gangarowa daga tanki, na ga an faɗaɗa huji da wutar walda, an kuma bar huji biyu babu ƙusa. Na san dalili. Filanjin na ma'aunin Amurka ne, bawul ɗin na ma'aunin Turai. Duka huji takwas gare su, ido ba ya bambanta su a kasuwa, amma da'irar hujin na Amurka mai lamba 150 milimita 190.5 ce, ta na Turai mai PN16 kuwa milimita 180. A inci 3 bambancin ma a fili yake: na Amurka huji huɗu a kan milimita 152.4, na Turai huji takwas a kan milimita 160. Kasuwanninmu, daga Funtua har Ƙofar Ruwa a Kano, cike suke da kayan ƙasashe daban-daban, sababbi da tsofaffi, mai shago kuma inci kawai zai tambaye ka. Kai ne za ka karanta rubutun da ke gefen filanji. In babu rubutu, ka ɗora shi a kan kwali ka zana hujinsa, ka tafi kasuwa da kwalin a aljihu. Hujin da aka ƙona ya faɗaɗa ba ya ba washa wurin zama, filanjin da aka rage wa ƙusa kuma ba ya matse gaskit daidai. Yau ba ya ɗigo, amma sauri ya haifi nawa. Mai gyaran da zai sayo sabon bawul kuma bai san wane ma'auni zai nema ba, tunda abin da ya tarar ba na kowa ba ne.

Ɗaurin ma da tsarinsa. Na ga gaskit ya tsuke a gefe ɗaya ya bulluƙo a ɗayan, alamar an bi notuna a jere ana ƙarasa kowanne kafin a wuce. Ba haka ake yi ba. Ka fara kama su duka da hannu. Sannan ka ba su lamba a zagaye ka riƙa tsallakawa: a mai huɗu 1, 3, 2, 4, a mai takwas 1, 5, 3, 7, 2, 6, 4, 8. Zagayen farko kamar sulusin ƙarfi, na biyu kamar kashi biyu cikin uku, na uku cikakke, sannan ka bi su a jere har ka ji babu wanda ke motsi. Kana yi kana duba tazarar da ke tsakanin fuskokin, ta zama ɗaya ta ko'ina. Ka shafa wa zare da fuskar noti giris kafin ka ɗaura. Mafi yawan ƙarfin da kake sawa a sifana gogayya ce ke cinye shi, a busasshen zare kuwa abin ya fi muni, sai ka ji noti ya yi tauri alhali gaskit bai matsu ba. Giris ɗin nan kuma shi ne zai sa notin ya kwance bayan shekaru. Ka nemi ƙusoshi masu rufin da ke hana tsatsa, in kuma ka sa na farin ƙarfe marar tsatsa kada ka ɗaura su a bushe, zarensu yakan cije ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Ka hana yaranka zura bututu a jelar sifana suna hawa da ƙafa. Yawancin bawul ɗin ruwa da jikin famfo na narkakken ƙarfe ne mai gautsi, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. In fuskarsa shafaffiya ce, ka sa masa gaskit mai faɗin fuskar duka wanda ke da hujin ƙusa, kada ka haɗa shi da filanji mai tudu a tsakiya ka matse, kunnensa zai karye. Filanjin roba kuma yana son washa gaba da baya, yana son a dawo washegari a ƙara taɓa notunan, domin roba takan saki bayan ta sha matsi. Gaskit na tsohuwar tayar mota ko robar cikinta, na fita kunya ne a ranar da babu yadda za a yi, ba a miƙa sabon aiki da shi.

Na lura ka ɗiga wa wasu notuna walda. Na fahimci tsoronka, masu kwasar ƙarfe su sayar ba su bar komai ba, kuma ba laifi ba ne mutum ya tsare aikinsa. Amma ɓarawon da ya zo da zarto walda ba ta hana shi, wanda take hanawa shi ne mai gyara na halal. Ka yi wa ramin marfin ƙarfe da kwaɗo, ka kewaye ƙafar tanki, ka damƙa mabuɗi a hannun kwamitin ruwa da sanin mai unguwa. Ka bar musu sifana biyu masu lambar notunan da ka sa, da gaskit na ajiya, da ƙusa huɗu ko takwas a cikin leda da giris. Ka rubuta musu a takarda girman kowane bawul da ma'auninsa. Ka kuma tsaya ka nuna wa biyu daga cikinsu yadda ake buɗewa: a kashe inji, a rufe bawul na sama, a zubar da ruwan layi, a fara sassauta notunan da ke nesa da jikin mutum don in da sauran matsi ruwan ya fesa can, kuma kada a zare ƙusa ta ƙarshe sai an tallafe nauyin.

Abin da nake so ka yi bai fi ƙarfinka ba. Kafin damina ta sauka, ka koma da yaranka ka yanke filanjin da ya karkace ka sake manna shi a kan lebul, ka sauya na inci 4 da wanda ya dace da bawul ɗinsa, ka juya ƙusoshin ƙarƙashin tanki da na ramin bawul, ka sare kankaren da ya taɓa filanji. Ka yi da kuɗin aljihunka, kada ka jira a kira ka. Za ka ga kamar asara ce tunda an riga an biya ka, an kuma sa hannu a takarda. Amma wanda ya duba aikin ya sa hannu bai leƙa inda na leƙa ba, mutanen garin kuma ba su san bambancin ba, sun yarda da kai ne kawai. Wannan ita ce amana, aikin da mai shi ba zai iya dubawa ba. Yankin nan kuma ƙarami ne. Daga Ƙetare zuwa 'Yargoje, daga Daudawa zuwa Sheme da Damari, masu gyaran famfo sun san juna, kuma a bakinsu ake jin wanda aikinsa ke kwantuwa da wanda aikinsa sai an fasa. Su ne za su sa a neme ka ko a guje ka.

Ka tafi da yaran da suka yi ɗaurin farko, ka sa su kwance da hannunsu kafin ka nuna musu gyaran. Wanda ya sha wahalar zare ƙusar da bango ya tare ba zai sake zura ta haka ba, kuma su ne gobe za su riƙe aikin ruwan ƙasar nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ka yi musu tsawa, laifin ba nasu ba ne, ba a nuna musu ba ne.

In akwai abin da ka ga na faɗa ba daidai ba, ka zo gida mu zauna da filanji a gabanmu ka nuna mini, kayan zamani sun sauya kuma kun fi mu ganinsu. Ka gaida mahaifiyarka. Allah Ya yi wa sana'arka albarka, Ya tsare ka a hanya, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.

Kawunka.